Yadda ake zaɓen garin yada zango idan za a zaga Andalus

Wanda ya samu bizar Sifaniya ta kwana goma, kuma burinsa ya ga Masallacin Kurduba da fadar Alhambra da hasumiyar Ishbiliya, yawanci yakan tsara tafiyarsa kwana biyu nan, kwana biyu can. A takarda abin gwanin sha'awa ne. A aikace, duk sauyin masauki rabin yini yake ci: a ɗaure kaya, a bar ɗaki kafin sha biyun rana, a ja akwati zuwa tasha, a isa sabon otal a ce ɗaki ba zai samu ba sai ƙarfe biyu ko uku. Sauyi huɗu kawai, kwana biyu sun salwanta. In akwai ƙananan yara ko dattijo a ayarin, gajiyar ta ninka.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a zaɓi gari ɗaya a yada zango, a kwance kaya sau ɗaya, a riƙa fita da safe da 'yar jaka a dawo da dare. Amma dabarar tana tsayawa ne ko ta rushe a kan garin da aka zaɓa. Mutane da yawa hoto ne ke zaɓa musu, su ga ƙauye mai fararen gidaje a kan dutse su ce nan za su sauka, sai sun je su tarar mota biyu ko uku ke fita daga garin a yini. Ni a ganina jadawalin jirgi ne farko, kyawun gari ya biyo baya, kuma dole a samu duka biyun. Zan bi matakan da misalin Andalus, wato kudancin Sifaniya, amma ma'aunin zai yi maka aiki a wata ƙasar ma.

Mataki na farko: rubuta wuraren da suka fito da kai daga gida

Kafin ka buɗe shafin neman otal, ɗauki takarda ka kasa wuraren kashi biyu, waɗanda in ba ka gan su ba tafiyar ba ta yi ba, da waɗanda za ka leƙa in hali ya yi. Kashin farko kada ya wuce huɗu ko biyar a mako guda. Ga mai zuwa Andalus saboda tarihin Musulunci, kashin farko yakan zama Masallacin Kurduba, da kufan Madinatuz Zahra, da Alhambra a Garnada, da Ishbiliya. Malaga da Ronda da Jayyan su shiga kashi na biyu.

Sai ka sa su a taswira. Garin da kake nema yana tsakiyar kashin farko ne, kada kashi na biyu ya ja ka gefe. Ka kuma lura da yadda ake rubuta sunayen a can, domin su za ka buga wajen sayen tikiti: Córdoba, Granada, Sevilla, Málaga, Jaén.

Mataki na biyu: auna da agogo, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar wurin

Kilomita ba ya gaya maka komai a ƙasar da ke da jirgin ƙasa mai gudu a wani layi da motar da ke hawa duwatsu a wani. Abin da za ka ƙirga shi ne lokacin fita daga masauki zuwa tasha, da jira, da tafiyar kanta, da fita daga waccan tashar zuwa wurin da ka nufa. Ma'aunina shi ne awa ɗaya da rabi a cikin jirgi zuwa, haka dawowa. Awa biyu ita ce iyaka, kuma ba kullum ba. Abin da ya wuce haka ya tashi daga fitar yini, ya koma wurin kwana.

Da wannan ma'auni Kurduba ta yi wa sauran fintinkau, saboda a nan layin jirgi mai gudu da ya taso daga Madrid yake rabuwa. Layin Madrid zuwa Ishbiliya, wanda aka buɗe a 1992, ta cikinta ya bi. Daga Kurduba zuwa Ishbiliya kamar minti arba'in da biyar ne, zuwa Malaga kamar awa ɗaya, zuwa Garnada kamar awa ɗaya da rabi tun da aka kai layin can a 2019, zuwa Madrid kuwa bai kai awa biyu ba. Ishbiliya ta fi girma da hada-hada, kuma tana da filin jirgin sama mai aiki sosai, amma tana gefen yamma, daga can zuwa Garnada sai ka yi wajen awa biyu da rabi. Ita Garnada tana can gabas a gindin duwatsun Sierra Nevada, kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai ƙarshen layin jirgi mai gudu ce, duk inda za ka sai ka yi doguwar tafiya. Malaga ce ke bi wa Kurduba, musamman ga wanda jirginsa zai sauka a can ko yake son bakin teku.

Ronda misali ce mai kyau ta yadda taswira ke yaudara. Ka gan ta kusa, amma tana kan tsauni, jiragen da ke zuwa can ba su da yawa, kuma daga Kurduba wajen awa biyu ne. Gadarta da aka gama a 1793 a kan wani rami mai zurfi abin kallo ce, amma kada ka sauya zango saboda ita.

Mataki na uku: duba jirgin ƙarshe na dawowa

Wannan ne mutane suka fi mantawa. Kowa yana duba jirgin safe, ba a duba na dare. Shiga shafin Renfe, kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, da na ALSA na motocin safa, ka buga ainihin ranar da za ka yi tafiyar, domin jadawalin Lahadi da ranakun hutu ya sha bamban da na Talata. Abu uku za ka duba: ƙarfe nawa na farko ke tashi, jirgi nawa ne a yini, ƙarfe nawa na ƙarshe ke dawowa. Hanyar da ke da jirage da yawa tana yafe maka in ka makara. Wadda ke da uku kacal a yini, in ka rasa ɗaya shirin ranar ya tashi.

Kada ka ɗora shirinka a kan jirgin ƙarshe. Ka yanki tikitin na kafin na ƙarshe, ka bar wancan a matsayin mafita. Ka kuma sani jiragen masu gudu da kujera ake shiga, tikitin yana ɗauke da lokaci da lambar kujera, ana wuce da jaka ta na'urar bincike, ana rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin tashi. Ka isa tasha da saura minti ashirin.

A nan ne kuma za ka yi lissafin kuɗi. Mutum ɗaya ko biyu, zuwa da dawowa ba ya da nauyi. Iyali mai mutum shida, kowace fita tikiti goma sha biyu ne, sai ka haɗa su duka ka kwatanta da kuɗin sauya masauki. Tsakanin Kurduba da Ishbiliya akwai jirgin Media Distancia, ya fi jinkiri, wajen awa ɗaya da minti ashirin, amma ya fi araha. Kamfanonin Iryo da Ouigo ma suna bin wasu layukan, gwada farashinsu. A Renfe yaron da bai kai shekara huɗu ba, in ba zai zauna a kujerarsa ba, ba a biya masa, sai dai a jirage masu gudu dole a fitar masa da tikitin kyauta tun wajen saye.

Mataki na huɗu: ina tashar take?

Akwai garuruwan da sunansu ke jikin tasha, amma tashar tana can bayan gari. Antequera gari ne mai kyau a tsakiyar Andalus, in ka kalli taswira za ka ce an gama magana. Amma tashar Antequera-Santa Ana, wadda ke kan layin jirgi mai gudu na Kurduba zuwa Malaga, ta fi kilomita goma sha biyar daga garin. Tasi safe da dare na mako guda zai cinye duk rarar da ka yi a kuɗin ɗaki. Saboda haka duk garin da ka sa wa ido, buga sunan tashar a taswirar waya ka ga minti nawa ne a ƙafa zuwa tsakiyar gari.

A Kurduba tashar jirgin ƙasa da tashar mota suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, kuma daga nan zuwa Masallacin tafiyar minti ashirin da 'yan kai ce a ƙafa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, rabin hanyar ta cikin lambuna.

Ƙauyukan da suka fi ɗaukar ido, irin su Zuheros da ke manne a jikin dutse, wuraren ziyara ne. Zama a cikinsu sai mai motar haya. In kuwa mota za ka ɗauka, ka taho da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma ka sani tsohon garin Kurduba ba kowace mota ke shiga ba, akwai kyamarori, tara na iya biyo ka har gida.

Mataki na biyar: garin da za ka so dawowa cikinsa da yamma

Bayan jadawali ya tace maka gari biyu ko uku, yanzu ne zuciya za ta yi magana. Ka tuna duk daren tafiyar a wannan gari za ka yi shi. Wuraren da za ka ziyarta da tsakar rana za ka gan su, cikin cunkoson baƙi. Garin zango kaɗai za ka sani da asuba da almuru, lokacin da ya koma hannun masu shi. To ka tambayi kanka, in na dawo a gajiye ƙarfe takwas, akwai inda zan taka a ƙafa in ci abinci, in zauna in sha iska? In wata rana na fasa fita, garin yana da abin da zai cika min yini biyu?

Kurduba ta ci wannan jarrabawa. Mutanenta sun ɗan haura dubu ɗari uku, ba ta yi girman da za ta gajiyar da kai ba, ba ta yi ƙanƙantar da za ta mutu da magariba ba. Yawancin masu yawon buɗe ido daga Ishbiliya da Malaga suke zuwa mata da hantsi su koma da la'asar. Da sun watse, lungunan da ke kewaye da Masallacin sai su yi tsit, mutanen gari su fito tattaki a tsohuwar gadar Rumawa da ke kan kogin Guadalquivir. Wanda ya kwana a garin yana iya kasancewa a ƙofar Masallacin da sassafe kafin motocin baƙi su iso. An saba buɗe shi kyauta na ɗan lokaci da safe in ban da Lahadi, ka duba shafinsu kafin ranar.

Ga wanda ya yi karatun zaure, garin ba baƙo ba ne ko da bai taɓa taka shi ba. Abdurrahman na ɗaya ya soma ginin Masallacin wajen shekarar 785. Riwayar Muwaɗɗa da ta fi yaɗuwa ta Yahya bin Yahya al-Laisi ce, malamin Kurduba. Alƙurɗubi mai tafsiri sunan garin yake ɗauke da shi. Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a Kano da Zariya da Damagaram, haifaffen nan ne. Ibn Rushd, wanda aka haifa a 1126, mutum-mutuminsa na zaune a jikin ganuwar garin. Ibn Malik mai Alfiyya kuwa ɗan Jayyan ne, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan. Kilomita takwas a yamma ga kufan Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na uku ya fara ginawa a 936, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2018. Fitar rabin yini ce, akwai motar da ke kai mutane daga cikin gari.

Mataki na shida: salla da abinci

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun daga gida, don kada ranka ya ɓaci a wurin: Masallacin Kurduba coci ne tun 1236 da Sarki Fernando na uku ya ci garin, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi za su tsayar da kai. Ka shiga ka ga mihrabin da jerin ginshiƙan, salla kuwa ka yi ta a ƙaramin masallacin al-Morabito da ke lambun Colón, tsakanin tasha da tsohon gari. A Garnada akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa kana kallon Alhambra. Duk garin da za ka zaɓa, nemo masallacinsa a taswira kafin ka kama ɗaki, ka tambayi lokacin Juma'a idan ka isa.

Zaman zango yana taɓa hukuncin kasaru. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari zai cika salla. Fitar yini zuwa Ishbiliya ko Garnada kuma ta wuce tazarar kasaru, wadda ake ƙiyastawa da wajen kilomita tamanin. Ka zauna da malaminka da jadawalin tafiyar kafin ka tashi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma saura na dare, isha'i tana kai wa sha ɗaya da wani abu, wannan ma ya shiga lissafin barci da jirgin safe.

Abinci na buƙatar sa ido, domin naman alade ya ratsa girkin ƙasar. Riƙe kalmomi uku: cerdo alade ne, jamón busasshiyar cinyarsa, manteca kitsensa da ake sawa har a wasu kayan fulawa. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da Kurduba ta shahara da ita, da jamón ake barbaɗa mata, sai ka ce sin jamón. Flamenquín alade ne gaba ɗaya. Soyayyen kifi da soyayyen gauta da zuma su ne mafita mai sauƙi, akwai kuma gidajen abincin 'yan Maroko a kusa da Masallacin da kuma Albaicín. Lokacin cin abincinsu daban ne, na rana daga ƙarfe biyu, na dare sai takwas da rabi ko tara. Amfanin zango ɗaya shi ne kwana biyu sun isa ka san mahaucin halal da kantin unguwa, ka huta da neman abinci kullum a sabon wuri.

Mataki na bakwai: wata da yanayi

Amsar tana sauyawa da watan da za ka je. A Yuli da Agusta Kurduba na cikin wurare mafi zafi a Turai, ma'auni yana haura digiri arba'in, irin zafin Sakkwato a watan Afrilu. A wannan lokaci Malaga ta fi dacewa da zango saboda iskar teku, sai ka zo Kurduba da jirgin safe. Maris zuwa Mayu, da ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan Kurduba. Sai dai a farkon Mayu ake bikin tsakar gidaje, inda mutane ke buɗe gidajensu a ga furanni, ɗakuna suna tsada suna ƙarewa da wuri. Haka makon Ista a duk yankin, da bikin Feria na Ishbiliya da ke biyo bayansa.

Mataki na takwas: unguwa da ɗaki

Gari ya samu, saura unguwa. Ɗakin da ke jikin Masallacin yana da daɗin gani, amma lungunan duwatsu ne, tasi ba ya kai wa kowace ƙofa, kuma kullum sai ka yi doguwar tafiya zuwa tasha. Na fi son tsakiya, wajen dandalin Tendillas ko lambun Colón, inda tasha da tsohon gari duk ba su wuce minti goma sha biyar ba. Tunda zaman mako ne, gidan haya mai kicin da injin wanki ya fi otal, musamman ga iyali. Tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki, ka tambayi ko akwai lif in bene ne, domin tsofaffin gidaje da yawa ba su da shi. Karanta abin da waɗanda suka sauka suka ce game da hayaniyar dare, mutanen ƙasar ba sa kwanciya da wuri.

Kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, domin takardar masauki na cikin abin da ake nema wajen bizar Schengen, wato bizar da ake shiga Sifaniya da ita, tare da inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Masauki ɗaya da ya rufe duk kwanakin ya fi sauƙin gabatarwa a kan takardu biyar.

Mataki na tara: jera kwanakin

Fara da abin da ya fi wuyar samu. Tikitin Alhambra yana ƙarewa makonni kafin ranar, da sunanka ake yankarsa, sai ka nuna fasfo a ƙofa, kuma sashen fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Garnada, yana da ƙayyadadden lokacin shiga, in ka makara ba za a bar ka ba. Saye shi daga shafin hukumar wurin, ka zaɓi lokacin da ya ba ka tazarar awa biyu bayan saukar jirginka a Garnada, sannan ka yanki tikitin jirgi. Kada ka juya tsarin. Fadar Alcázar ta Ishbiliya ma gara a saya tun da wuri, da na hawa Giralda, hasumiyar masallacin daular Muwahhidai ta Musulmi da aka kammala a 1198.

Ranar isowa da washegari ka bar wa garin zango. Bayan haka kada ka jera doguwar fita biyu a jere: yau Ishbiliya, gobe Madinatuz Zahra da hutun rana, jibi Garnada. Litinin ana rufe Madinatuz Zahra da gidajen tarihi da yawa, Lahadi kuma yawancin kantuna a rufe suke, sayayyar kicin a yi ta ranar Asabar. Bar yini ɗaya babu komai a cikinsa, zai yi maka amfani in an yi ruwa, ko yaro ya tashi da zazzaɓi, ko wani wuri ya burge ka kana son komawa.

Wuri biyu ne nake ba da shawarar a karya dokar. Garnada ta cancanci kwana ɗaya in kwanakinka sun kai goma, domin Alhambra kaɗai tana cin awa uku zuwa huɗu, ga Albaicín a ɗaya tudun. Ka bar manyan akwatuna a zango, ka tafi da kayan kwana ɗaya, ko da za ka biya ɗaki biyu a daren. Na biyu shi ne daren ƙarshe. Yawancin baƙi ta Madrid ko Malaga ko Ishbiliya suke shiga da fita, to in jirginka na komawa gida na safe ne, ka kwana a garin da filin jirgin yake, kada ka dogara da jirgin ƙasan asuba.